Tayar Motar Gudu a Filin Tsere: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Motoci a Kano

Tun da motoci irin su BMW da Mustang da Mercedes AMG da Golf GTI suka yawaita a hannun matasan Kano, hirar garejin makanikai ta koma kan inji: doki nawa ne, an buɗe salansa ko ba a buɗe ba. Taya kuwa sai ranar da ta ba mutum kunya ake tunawa da ita. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi maimaita mini. Mai sauri ya fara da ta 3 da ta 6 da ta 8, ya dawo wa sauran daga baya.

1. Mece ce ranar fili, kuma me zai hana in shiga da tayar da nake hawa kullum?

Ranar fili ita ce ranar da masu filin tsere ke buɗe shi ga mutane su shigo da motocinsu su zaga. Ba gasa ba ce, babu kofi. Akan raba mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi kamar minti 15 zuwa 20 ya fito, wani ya shiga.

A cikin wannan ɗan lokaci taya tana shan wahalar da ba ta sha a tafiyar Kano zuwa Kaduna. A babban titi tana mirginawa ne kawai. A fili kuwa kowace kwana sai an taka birki da ƙarfi, nauyin mota ya zube kan ƙafa ɗaya, a sake taka totur, kuma haka za a yi ta yi babu hutu. Idan tayarka sabuwa ce ta kamfanin kirki, kuma harafin gudunta (duba tambaya ta 3) ya dace, za ka iya yin ranarka ta farko da ita. Sai dai bayan zagaye uku ko huɗu za ka ji motar ta fara sulɓi kamar an shafa wa kwaltar man gyaɗa. Robar ce ta wuce zafin da aka yi ta dominsa.

2. A ina ake yin wannan? Ba zan iya gwadawa a baifas da daddare ba?

A'a. Filin Sukuwa na dawaki ne, titin BUK da Zariya Road da Eastern Bypass kuma na jama'a ne: akwai ɗan adaidaita sahu marar fitila, akwai tirelar da ta mutu babu alama, akwai yaron da zai tsallaka da farantin talla. Duk abin da ke cikin wannan shafi na wurin da aka killace ne da izini, aka jera robobin alamar kwana, aka tanadi motar asibiti. Masu hali sukan yi a waje. Dubai Autodrome, wanda aka buɗe a 2004, da Yas Marina na Abu Dhabi, da filin Sakhir na Bahrain, da Kyalami kusa da Johannesburg duk suna buɗe wa masu sha'awa ƙofa. Na Larabawan nan zafinsu ya yi kama da namu, don haka abin da taya ta yi a can darasi ne a gare mu.

3. Me rubutun da ke jikin taya yake nufi?

Ɗauki wannan misali: 245/40 R18 97Y. Lamba ta farko faɗin taya ne, milimita 245. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 40 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 98. R18 rim mai inci 18. Waɗannan ukun kowane mai faci ya san su. Biyun ƙarshen ne ake tsallakewa, alhali su ne maganar rai.

Lambar 97 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne, kilo 730. Idan 91 ce kilo 615, idan 94 ce kilo 670, idan 100 ce kilo 800. Harafin kuma iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada ka ce ai ni ba zan kai 270 ba. Tayar da aka gina don ta jure wannan gudun an ƙarfafa cikinta yadda za ta jure zafi, kuma zafin ne abokin gabarka, kamar yadda ya zo a tambaya ta 6. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motarka ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Ga motar fili ni W ko Y nake nema.

Za ka kuma ga wasu ƙananan alamomi. Tauraro na nufin an yi tayar don BMW, MO don Mercedes, AO don Audi, N da lamba ko harafi don Porsche. Idan akwai kibiya da kalmar ROTATION, gefe ɗaya kawai take juyawa. Idan an rubuta OUTSIDE, wannan fuskar ce waje. Na sha ganin an ɗaura irin wannan a baibai, mai motar yana ta zagin shakazoba.

4. Tayoyin gudu kala nawa ne, kuma da wacce sabon shiga zai fara?

A taƙaice hawa huɗu ne. Na farko tayar titi mai ƙarfi, irin su Michelin Pilot Sport 4S da Continental ExtremeContact Sport: ka je ofis da ita, ka shiga ruwan sama da ita, ka shiga fili da ita. Na biyu waɗanda ake kira 'yan ɗari biyu (bayanin sunan yana tambaya ta 5), su Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 da Hankook Ventus RS4 da Falken Azenis RT660. Na uku semi-silik, masu ɗan zane kaɗan don cika sharuɗɗan hawa titi, kamar Toyo Proxes R888R da Nankang AR-1 da Pirelli P Zero Trofeo R. Na huɗu silik, wadda ba ta da zane ko ɗaya, irin wadda Pirelli ke yi wa motocin Formula 1 tun 2011. Ita wannan ba a hawa titi da ita.

Sabon shiga ya fara da hawa na farko, ko da kuɗin na uku na aljihunsa. Tayar titi tana gargaɗi: kafin ta saki sai ta yi ƙara, sitiyari ya yi sako-sako, ka samu damar gyarawa kana gudun da bai kai ya kawo ba. Semi-silik tana riƙe ƙasa tana rufa wa kuskurenka asiri, ranar da za ta saki kuma kana kan gudun da hannunka bai san yadda zai yi da shi ba. Masu ƙera Toyota 86 da Subaru BRZ na farko da gangan suka sa musu taya 215/45 R17 marar riƙo sosai, don direba ya ji motar tana magana. Banda haka, riƙo mai yawa yana ɗora wa birki da boris da ƙafafun mota nauyi, kuma yawancin motocinmu sun yi shekaru kafin su iso Kano.

5. Ina jin ana cewa "tayata 200 ce". Wace lamba ce wannan?

Lambar da ke gaban kalmar TREADWEAR ce, tsari ne na gwamnatin Amurka. Ana gwada taya a kan titunan jihar Texas tsawon mil 7,200, a kwatanta cinyewarta da wata taya ta ma'auni. Ƙaramar lamba na nufin roba mai laushi, mai riƙo, mai saurin ƙarewa. Pilot Sport 4S 300 ce, R888R 100 ce. Tayar motar gida takan kai 500 ko fiye.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kamfani ne da kansa ke rubuta lambar, kuma an yarje masa ya rubuta ƙasa da abin da gwaji ya nuna. Shi ya sa 200 ɗin wani kamfani ba ɗaya take da ta wani ba. A052 da RS4 duk 200 ne, amma ta farko ta fi riƙo a zagayen farko-farko, ta biyu ta fi jure dogon zama a fili. A garin da rana ke dukan kwalta kamar namu, mai jurewar ta fi mini amfani.

6. Zafin Kano yana canza lissafin?

Ƙwarai. A watan Afrilu da Mayu iska takan kai digiri 40, kwalta baƙa kuma ta fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Wanda ya taɓa taka ta babu takalmi bayan azahar ya sani. Bature a Jamus yana fama ne ya ɗumama tayarsa, mu muna fama ne kada ta dahu. Shawarar da ka ji a bidiyon wani ɗan Ingila ta ƙasarsu ce.

A kusa da TREADWEAR akwai kalmar TEMPERATURE da harafi A ko B ko C. A kaɗai za ka karɓa. Ana ba ta ne ga tayar da ta jure gwajin zafi a gudun da ya haura kilomita 185 a awa. Sannan ka gyara yadda kake tuƙin: zagaye ɗaya na ɗumi, uku ko huɗu na ƙarfi, ɗaya na sanyaya ba tare da taka birki sosai ba. Idan kana da zaɓi, ɗauki rukunin safe. In ka fito ka ga kafaɗar taya ta yi shuɗi-shuɗi, ko robar ta nannaɗe ƙanana-ƙanana kamar an murza ƙuli-ƙuli a kai, ta sha wuta. Ɗan nannaɗewa ba komai ba ne. Idan gutsattsarin zane suka fara ɓallewa, ranar ta ƙare.

7. Me ya sa sababbin ke da tsada haka, kuma sai an yi oda?

Domin ba a yin tayar mota irin wannan a ƙasar nan. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008. Komai shigo da shi ake yi, da dala. A Kofar Ruwa da Sabon Gari za ka samu girman da motocin gida ke ci a sauƙaƙe, amma 'yan ɗari biyu da semi-silik yawanci sai dila ya ɗauko daga Legas ko Dubai. Ka ba shi cikakkiyar lamba a rubuce, da harafin gudu, ka kuma ce ya turo hoton kwanan wata kafin ka biya. Yadda ake karanta shi yana tambaya ta 9.

8. To gwanjo fa? Akwai 'yan Kwatano masu zane kamar sababbi.

Araha ba ta ado. A dokar kwastam ma tayar da aka yi amfani da ita tana cikin kayan da aka hana shigowa da su, duk da kowa na ganinta jibge a bakin titi. Amma bari in faɗi abin da ya same ni. Shekarun baya wani dila ya fito mini da guda huɗu, zane cike, baƙi wuluk don ya shafa musu mai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yan Jamus ne, matar wani Bature ce ta hau su wata biyu." Na biya ina murna. A wurin da muka killace muka jera robobi, ban yi minti goma ba motar ta koma kamar jirgin ruwa, ina juya sitiyari tana tunani kafin ta bi. Da na fito na dafa tayar gaba, yatsana ya shige cikin robar kamar cingam, zanen kafaɗa ya yayyage. Wani dattijon makaniki ya durƙusa ya goge ƙurar gefen da hularsa, ya nuna mini hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. Ya ce, "Alhaji, ai wannan ta sanyi ce."

Tayar sanyi an yi ta ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Turawa na cire su idan zanen ya ragu, su kuma suke cika kwantenar gwanjo. Ka gane ta da wannan hoton dutsen, da harafin M+S, da ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan kowane ɓangaren zane. Ko da ba ta sanyi ba ce, ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita babu iska ba, kuma a jirgi matse su ake yi, a cusa uku ko huɗu cikin ɗaya, wayar bakinsu ta lanƙwashe. Wannan ciwon sau da yawa ba ya nunawa sai an yi gudu sosai.

9. Ta yaya zan san shekarun taya?

Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 3523 na nufin mako na 35 a shekarar 2023. Sau da yawa a fuska ɗaya kawai ake buga shi, sai ka leƙa ciki. Shafa wurin da yatsa, in ka ji alamar an kankare ko an liƙa, bar ta.

Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC sun daɗe suna shelar cewa taya shekara huɗu take yi. Michelin kuma cewa ta yi daga shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, kada a wuce goma. Wannan duk maganar titi ce. Roba mai laushi ta fi saurin bushewa, balle a shagon da kwano ke gasa ta. Don fili, ina son wadda ba ta wuce shekara biyu da bugawa ba a ranar saye.

10. Iska nawa zan sa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce tasiri, kuma kyauta ce. Masu facinmu sun saba bugawa psi 40 ko 45 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa. Sayi gejinka na kanka. Iska tana ƙaruwa idan taya ta yi zafi, kusan psi ɗaya a duk digiri biyar zuwa shida, don haka a fili ba abin mamaki ba ne ta hau da psi 6 ko 8. Wadda ta shiga da 40 za ta fito tana neman 48, cikinta ya turo, tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa.

Abin da ake nema shi ne awon lokacin da take da zafi. Ga yawancin tayoyin hawa na farko da na biyu yana faɗawa tsakanin 32 da 36, semi-silik takan so ƙasa da haka kaɗan, kuma kamfanoninsu na wallafa adadin. Fara da kamar psi 3 ko 4 ƙasa da abin da ke jikin ƙofa, yi zagayenka, da ka tsaya ka auna nan take kafin ka cire hular kwano, ka rage zuwa inda kake so. Kowace ƙafa da nata: a filin da kwanonin dama suka fi yawa, ta gaba ta hagu ce za ta fi zafi. Ga dabarar alli: ja layi uku daga kan zane zuwa gefen taya. Idan allin ya goge har ya gangara kan rubutu, tayar na kwanciya, ƙara iska ko ka duba tambaya ta 13. Idan an tashi kuma ta huce, mayar da iskar titi kafin ka kama hanyar gida. Mutane da yawa a nan suke mantuwa.

11. Naitirojin ya fi iskar mai faci?

Iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Amfanin na kwalba shi ne ba shi da laima, don haka hawansa da saukarsa sun fi tsari. In ka samu, to. In ba ka samu ba, geji mai kyau ya fi shi amfani.

12. In ƙara faɗin taya ko girman rim, riƙo zai ƙaru?

Faɗi yana taimakawa idan rim ɗin ya ɗauke shi. Taya mai faɗi a kan siririn rim takan yi ƙugu ta riƙa lilo a kwana. Siririya da aka ja ta a kan faffaɗan rim don ado kuma tana iya zamewa daga bakinsa. Kowace taya tana da faɗin rim da kamfani ya yarda da shi. Tsayin ƙafar gaba ɗaya kuma kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 3 cikin ɗari, don kada lissafin ABS (na'urar hana birki ƙullewa) da agogon gudu su rikice. Misali 225/45 R17 da 225/40 R18 kusan tsayinsu ɗaya, milimita 634 da 637.

Ni dai ƙaramin rim nake so muddin birki ya shiga ciki. Ya fi sauƙin nauyi, tayarsa ta fi araha, kuma gefenta mai kauri ya fi jure ramukan da damina ke bar mana. Rim 20 da taya kamar zoben roba na ranar ɗaurin aure ne.

Kada ka haɗa kala biyu. Mai riƙo a gaba da marar riƙo a baya shi ne ke juya mota ta kalli inda ta fito. Motoci masu jan ƙafa huɗu, kamar Audi quattro da Golf R, suna son huɗun su zama iri ɗaya, cinyewarsu ma kusan ɗaya.

13. Gefen waje na tayar gaba ya cinye, ciki kuma sabo fil. Laifin tayar ne?

Yawanci ba nata ba ne. A kwana mota na kwantawa waje, ta taka kafaɗar taya. Maganinsa a wurin alaimen yake: a ɗan karkatar da saman ƙafar ciki, abin da makanikai ke kira kamba. Masu zuwa fili sukan sa digiri 2 zuwa 3 a gaba, amma motar da ke yawo a gari da wannan saitin za ta ci gefen ciki. Ɗaya dalilin kuma direba ne. Idan ka shiga kwana da gudu fiye da kima, gaba ta ƙi juyawa, kai kuma ka ƙara murɗa sitiyari, goge tayar kake yi kamar a kan magogi. Sassauta kafin kwana, za ka fita da sauri, tayar ma ta kwana biyu.

14. Damina da hunturu fa?

Zanen taya magudanar ruwa ce. Doka a ƙasashe da yawa ta tsaya a zurfin zane milimita 1.6, amma a kwalta mai ruwa ƙasa da 3 ma ganganci ne. Semi-silik a ruwan Agusta, lokacin da titunan Kano ke zama kududdufi, takan hau saman ruwan ta bar ka da sitiyari marar amfani. Wanda ya saye ta ya tanadi rim na biyu, ya kai ta wurin a but ko a wata motar.

Hunturu kuma ƙura ce. Tana kwanciya a kwalta kamar an barbaɗa gari, zagayen farko da santsi har sai motoci sun share layi. Da asubar Janairu roba takan yi tauri, sai a ba ta zagaye biyu kafin a matsa mata.

15. Tayar da aka yi wa faci za ta shiga fili?

Idan ƙusa ce a tsakiyar zane, ramin bai wuce milimita 6 ba, kuma an cire tayar an liƙa daga ciki, za ta yi maka zirga-zirgar gari. Wasu kamfanonin ma sun ce daga an yi faci harafin gudun ya faɗi. Facin igiya da ake turawa daga waje na isa gida ne kawai. Faci a gefe, ko gefen da ya yi ƙulu, ko ɗinki, wannan ta tashi daga aiki. Ni ba na shiga fili da mai faci kowane iri.

16. Zane bai ƙare ba amma riƙo ya tafi. Me ya faru, kuma yaya zan adana su?

Duk lokacin da taya ta yi zafi ta huce, robarta na ƙara tauri kaɗan. Semi-silik takan mutu ta wannan hanya tun zanenta na nan. Danna farce a kai: sabuwa takan karɓa ta bar shaida, wadda ta gama takan yi kamar robar bokiti. Rubuta yawan fitar da kowane saiti ya yi a jikin tayar da alli, da kuma ƙafar da aka cire ta.

Wajen ajiya, wanke su da ruwa, su bushe, sa kowacce a baƙar leda ka ɗaure, ka kai ɗaki mai inuwa. Kada a bar su a saman rufi ko a ɗakin janareta, domin fetur da gas da iskar da injinan lantarki ke fitarwa suna tsattsaga roba. Masu rim a jera su kwance, marasa rim a tsaye, ana ɗan juya su duk wata.

17. Ni jujjuya mota nake so, irin mai hayaƙi. Shawarar ɗaya ce?

Ta sha bamban a baya kawai. Gaba tana son taya mai riƙo, tun da ita ke jan ragama. Baya kuwa ƙonewa za ta yi cikin mintuna, don haka masu yi sukan sa sabuwa mai araha, su zo da saiti biyu ko uku a kan rim. Sharaɗin tambaya ta 2 yana nan, na ta 8 ma yana nan: tsohuwar taya idan ta yi zafi ɓarewa take yi, wayar cikinta ta fito tana dukan bodi da bututun birki. Duk bayan fita biyu ka tsaya ka duba, da ka ga zare ko waya ta leƙo ka sa jak.